Yadda ake lissafa dangantakar aikin masunta da mutuwar kifi a ruwan da raga ɗaya ke kamo kifi iri-iri

Raga ba ta zaɓe. A Tekun Arewa, tsakanin Birtaniya da Norway da Denmark, jirgin da ya fita neman kifin hadok sai ya dawo da kod da waitin a raga ɗaya. Kowane kifi kuwa da nasa ƙason da aka yarda a kama. Masana na ICES, hukumar ƙasa da ƙasa mai ba da shawarar kimiyya kan kamun kifi a teku, suna warware wannan ne da lissafin da ke haɗa abubuwa biyu: yawan aikin da masunta suka yi, wato E, da ƙimar kifin da kamu ke kashewa, wato F. Ƙa'idar ita ce F = q × E, inda q ke nufin ƙarfin kamu na kowane awo ɗaya na aiki.

Da farko a raba masunta rukuni-rukuni. Ba a haɗa mai jan raga da mai kafa raga, ko mai ƙananan idon raga da mai manya. A raba su bisa kayan aiki, girman idon raga, wurin kamu da lokacin shekara. Nan ne aka fi yin sakaci, domin idan rabon ya lalace, duk abin da ya biyo baya ya lalace.

Sai a zaɓi ma'aunin aiki. A Turai ana ninka ƙarfin injin jirgi da kwanakin da ya yi a teku. A tafki irin na Kainji, inda ake kama karfasa da tarwaɗa da giwan ruwa tare, tsawon raga da yawan dararen da ta kwana a ruwa sun fi ƙidayar kwalekwale amfani.

Daga nan a ɗauko F na kowane kifi daga binciken yawansa, a raba wa rukunan gwargwadon abin da kowa ya kama, har da wanda aka zubar a ruwa. A ce F na kod bara 0.40 ne, rukuninmu ya kama kashi ɗaya bisa huɗu: rabonsa 0.10. F na hadok 0.30 ne, ya kama rabi: 0.15. Idan ya yi kwana 1,000 a teku, q na kod 0.0001 ne, na hadok 0.00015. Kowane rukuni yana da q daban ga kowane kifi. Ya fi kyau a ɗauki matsakaicin shekaru uku na baya-bayan nan, kada shekara ɗaya ta yaudare ku.

Yanzu a juya lissafin. A ce an yanke F na kod ya sauka zuwa 0.28 baɗi, na hadok ya hau zuwa 0.36. Rabon rukuninmu na kod ya zama 0.07, wato kwana 700 zai cika shi. Na hadok 0.18, sai ya yi kwana 1,200. Wannan tazarar ta kwana 500 ita ce ainihin matsalar. In ya tsaya a 700, ya bar hadok mai yawa a ruwa, iyalai sun rasa kuɗin shiga. In ya kai 1,200, F ɗinsa na kod ya kai 0.12, kusan ninki biyu na abin da aka ba shi. Kod ne ya shaƙe kamun ke nan. Tun da dokar Tarayyar Turai ta sauke kifin da aka sa wa ƙaso a tashar jirgi idan an kama shi ta fara aiki gaba ɗaya a 2019, zubar da rarar a teku ya haramta. Shi ya sa dole a nuna wa masu yanke hukunci duka ɓangarorin biyu, da abin da zai faru idan aikin ya tsaya yadda yake.

Don mayar da F zuwa kamu, ana amfani da lissafin Baranov na 1918: kamu = F/Z × (1 − e^−Z) × N, inda N ke nufin yawan kifin da ke ruwa a farkon shekara, e lamba ce tsayayya ta lissafi (kusan 2.718), Z kuma F ce haɗe da M, mutuwar da ba ta kamu ba. Da F 0.28 da M 0.2, kifi kusan 22 cikin 100 ne za a kama. A ninka da matsakaicin nauyi na kowane rukunin shekarun kifin, a samu tan.

Babban haɗarin shi ne ɗaukar q kamar ba ta sauyawa. Tana sauyawa. Na'urar gano kifi, injin da ya fi ƙarfi da raga mai kyau suna ƙara ta a hankali, kwanaki na nan yadda suke amma kisa ya ƙaru. Idan aka rage wa masunta kwanaki, sukan bar marasa albarka ne su riƙe masu kyau, don haka rage E da kashi 20 ba ya rage F da kashi 20. Mafi muni, kifin da ke taruwa garke-garke yana ci gaba da cika raga ko da yawansa ya ragu ƙwarai. Hakan ya taimaka wajen ɓoye rushewar kod a gabashin Kanada har aka rufe sunsa a 1992.

Saboda haka a zana q bisa shekaru. In tana hawa, a sa hawan cikin hasashe. A kuma gwada ta da sakamakon jirgin bincike mai jan raga iri ɗaya a wurare iri ɗaya kowace shekara, sannan a sake lissafa ta duk lokacin da aka sauya idon raga ko aka rufe wani yanki.