Tsofaffin fostocin jirage: kurakuran masu saye da masu ajiya

Fostar farko da ta shigo hannuna ta kamfanin jirgin sama na Birtaniya, BOAC, ce, kuma ni na kashe ta da kaina. Na ga gefenta ya fara yagewa, sai na kai wani shagon kwamfuta aka yi mata laminatin. Ta fito tana ƙyalli, ina murna. Daga baya wani mai tara irin waɗannan takardu ya juya ta, ya shafa robar da yatsa, ya ce, "Malam, ai ka yi mata likkafani." Robar da aka narka a jikin takarda ba ta cirowa, kuma darajar fostar ta tafi ke nan.

Wannan shi ne babban kuskure, kuma yana da 'yan'uwa: liƙa salatif a inda ta yage, manna ta a katako da gam, da yanke gefenta don ta shiga firam. Salatif yana barin tabo ruwan ƙasa da ke ratsa takardar har fuskarta. Yanke gefe kuwa ya fi muni, don a can ƙasa ake rubuta sunan maɗaba'a da ƙananan haruffa, shi ne shaidar haihuwarta. Masu sana'ar gyara suna manna fosta ne a kan takarda marar asid da aka shimfiɗa a kan yadi mai kauri, da kokon sitacin alkama, domin ana iya jiƙa shi a raba su ko bayan shekaru. Idan babu mai yin haka kusa da kai, bar ta da yagewarta, ka shimfiɗe ta tsakanin farar takarda mai tsabta.

Sai sayen kwafi da kuɗin ta asali. An buga waɗannan fostoci ne don a manna a tashoshi da ofisoshin sayar da tikiti, a yage bayan 'yan watanni, shi ya sa waɗanda suka tsira ba su da yawa. Hoton jirgin ruwan Normandie da mai zane Cassandre ya zana a 1935, wanda gaban jirgin ya tasar wa mai kallo kamar dutse, an sake buga shi ba adadi. Ka fara da awo. Ta asalin tana kusan santimita 100 a tsaye da 62 a kwance. Kamfanonin jirgin ƙasa na Birtaniya kuma girma biyu suka fi amfani da su: inci 40 da 25, ko 40 da 50. Wadda ta zo daidai da firam ɗin kanti, a kan takarda fara fat mai santsi, ta kanti ce.

Daga nan ka sa gilashin ƙara girma. Yawancin fostocin shekarun 1920 da 1930 da dutse aka buga su, wato a yi zanen a kan shimfiɗaɗɗen dutse a shafa tawada a danna takarda, kowane launi da nasa zagayen, don haka za ka ga launin a shimfiɗe, ko da ɗan barbaɗi marar tsari kamar yashi. Kwafin zamani yana nuna ɗigo-ɗigo a jere cikin tsari. Amma a nan ma wasu ke zarmewa, su ce duk mai ɗigo jabu ce. Daga shekarun 1950 maɗaba'u da yawa sun koma sabuwar hanyar bugu mai ɗigo, saboda haka fostar jirgin sama ta wancan lokaci tana iya zama ta asali da ɗigonta. Ɗigon yana zama abin zargi ne idan ya fito a kan wadda aka ce ta 1927 ce.

Kada ka karɓi shekara daga bakin mai sayarwa, sunan kamfanin zai gaya maka. Kamfanonin jirgin ƙasa na Birtaniya, LNER da LMS da GWR da Southern, sun yi aiki daga 1923 zuwa ƙarshen 1947, daga 1948 sai British Railways. (An farfaɗo da sunan LNER a 2018, a kula.) An kafa Air France a 1933. PLM, ta jirgin ƙasa a Faransa, wadda Roger Broders ya zana wa garuruwan bakin teku da duwatsun ƙanƙara, ta narke cikin SNCF, kamfanin jirgin ƙasa na ƙasar baki ɗaya, a 1938. Imperial Airways, wadda jiragenta suka fara zuwa Kano daga Khartoum a 1936, ita ce daga baya ta haɗe da wani kamfanin jirgin sama suka zama BOAC, ita kuma ta kai 1974. West African Airways Corporation daga 1946 zuwa 1958 ta rayu. Don haka wanda ya ce maka fostar BOAC ɗinsa ta 1930 ce, ko bai sani ba ko yana so ya yi maka wayo. Haka jirgin ruwan Aureol na kamfanin Elder Dempster, mai zirga-zirga tsakanin Liverpool da Legas, sai 1951 ya fara aiki.

Inda ake rataye ta ma magana ce. Rana tana cin ja da rawaya da wuri, shekara kaɗan a bangon da ke kallon taga sai ka ga saura shuɗi. Kada takardar ta taɓa gilashin firam, a bar tazara, in ba haka ba laimar damina ta manne su. Bangon da ke jan ruwa yana kawo ɗige-ɗigen tsatsa, gara kuma ta baya take shiga, ba ka ankara sai ta gama. Ni duk ƙarshen damina nakan sauke firam ɗin in duba bayansa. Wadda ba a rataye ba a ajiye ta a kwance. In dole sai an naɗe, a yi naɗi mai faɗi, kada a ninke, kuma kada a ɗaure da robar kuɗi, don takan narke ta bar layi a tsakiyar hoton.