Ga masu tukunyar kashe gobara mai kumfa

Jama'a, barkanmu da war haka. Na lura da yawanmu masu janareta da masu sayar da fetur a jarka sun sayi tukunyar nan mai kumfa, sun jingine ta a lungu ta yi ƙura.

Aikinta wutar fetur, dizal, kananzir, katako, takarda da tufafi. Kada a kusanci wutar lantarki da ita, domin kumfar ruwa ce galibinta, tana iya jawo maka shokin. Haka man gyaɗa da ya kama a kasko, ba nata ba ne.

In fetur ne ya kama, zare fil ɗin da ke kan tukunyar, ka ja baya kaɗan, ka matsa hannunta. Kar ka harba tsakiyar man, zai fantsama. Saita bakin tiyon a gefen durom ko bango, kumfar ta gangaro ta lulluɓe saman man, iska ta yanke masa.

A rataye ta kusa da ƙofa, cikin inuwa, ba a jikin janareta ba. Duk wata a leƙa agogonta: allura ta zauna a kore. A duba tiyon ma, zanzaro na son toshe shi da laka. Shekara-shekara masu aikin su duba ta, kuma ko feshi ɗaya aka yi, a kai a sake cikawa.