Gyaran Abinci da Motsa Jiki Don Daidaita Homon ɗin Mace a Legas

Idan al'ada ta fara tsallake wata, ga ƙuraje a fuska, ga gashi a haɓa, tumbi kuma yana ƙaruwa, mata da yawa shayin rage ƙiba suke nema. Ki fara duba abin da kike karyawa da shi. Homon sinadari ne da jiki ke fitarwa don sarrafa ayyukansa. Wanda abinci ya fi taɓawa kai tsaye shi ne insulin, mai daidaita sukari a jini, shi kuma yake jan sauran.

Burodin Agege da shayi mai sukari da safe, farar shinkafa da rana, lemon kwalba a cikin cunkoson danfo, teba da dare: kowanne yana cilla sukari cikin jini, jiki ya yi ta fitar da insulin. Idan abin ya daɗe, insulin ɗin yakan sa ma'ajiyar ƙwai ta samar da homon ɗin maza fiye da kima, ƙwai ya kasa fita a kan lokaci, al'ada ta rikice. Haka yake ga yawancin masu PCOS, wato lalurar ma'ajiyar ƙwai mai rikita homon da al'ada, wadda ke samun kusan mace 1 cikin 10. Kitsen jiki ma yana samar da istirojin, wato homon ɗin mata, shi ya sa ƙiba ke ƙara dagula lissafin.

Gyaran a faranti yake. Rabinsa ganye: alayyafo, ugu, zogale, kuɓewa, kabeji, duk ga su nan a kasuwar Mile 12. Kashi ɗaya cikin huɗu wake, ƙwai, kifi ko nama. Ragowar tuwo ko shinkafa, kada ya wuce dunƙulen hannunki. Garau-garau mai yawan wake ya fi shinkafa zalla, domin wake yana jinkirta shigar sukari jini. Robar lemo mai 50cl tana ɗauke da sukari kusan cokalin shayi 12, wato iyakar abin da ya kamata baligi ya sha a yini guda. Zoɓon da aka cika wa sukari ma bai tsira ba. Ga mai ƙiba, rage kashi 5 zuwa 10 cikin 100 na nauyi kan dawo da fitar ƙwai. Mai kilo 80 ke nan ta sauke kilo 4 zuwa 8 a hankali, cikin watanni.

Kada ki ce za ki horar da kanki da yunwa. Jikin da ba ya samun isasshen abinci, ga aiki ko atisaye mai tsanani, ƙwaƙwalwa ce ke dakatar da umarnin fitar ƙwai. Al'ada ta ɗauke, istirojin ya sauka, ƙashi ya fara rauni.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar minti 150 zuwa 300 na motsa jiki a mako. Minti 30 sau 5 ya wadatar, da saurin da za ki iya magana amma ba za ki iya rera waƙa ba. Saboda zafin Legas, bayan asuba ko bayan la'asar ya fi. In lokaci ya ƙi, ki sauka tasha ɗaya kafin inda za ki je, ki ƙarasa da ƙafa, ko ki yi tattakin minti 10 bayan cin abinci. Kwana 2 a mako ki ƙara aikin tsoka: tashi da zama a kan kujera sau 12, ki huta, ki maimaita sau 3, ko ki riƙa ɗaga robar ruwa mai lita ɗaya da rabi. Tsoka ce ta fi jan sukari daga jini.

Ki yi amfani da gishiri mai aidin, domin homon ɗin maƙogwaro da shi ake haɗa shi, kuma ƙarancinsa na kawo maƙoƙo. Mai zubar jini da yawa ta raba shayi da lokacin cin abinci da aƙalla awa ɗaya, don yana hana jiki tsotsar sinadarin ƙarfe.

Ƙwayoyin ƙiba irin su sha-ka-fashe da wasu mayukan bilicin suna ɗauke da sitiroyid, wanda ke kumbura fuska, ya ɗaga sukari, ya rikita al'ada. Wadda ta daɗe tana shan ƙwayar kada ta daina kwatsam, sai likita ya rage mata a hankali.

Ki riƙa rubuta ranar da jini ya zo. Tazarar kwana 21 zuwa 35 daidai ce. In ya ɗauke wata 3 babu ciki, ko yana wuce kwana 7, ko nono na fitar da ruwa alhali ba kya shayarwa, ki ga likitan mata a yi gwajin jini da hoton mara.