Yadda za a koya wa ma'aikatan lafiya hira da masu shaye-shaye

Idan kai ne ke shirya wa ma'aikatan asibiti horo a nan Katsina kan hirar zaburar da niyya (motivational interviewing, wato hirar da ke taimaka wa mai shaye-shaye ya yi niyyar dainawa da kansa), don Allah kada ka ƙarar da kuɗin duka a zauren taro. William Miller, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, shi ne ya fito da salon nan a 1983, daga baya suka faɗaɗa shi da abokin aikinsa Stephen Rollnick. Ba wa'azi a ciki, ba tsawa. Tambaya ake yi wa yaro mai shaye-shaye wadda "e" ko "a'a" ba za ta amsa ba, a mayar masa da maganarsa ya ji, har dalilin barin tiramol ko kodin ya fito daga bakinsa.

Miƙa wa ma'aikaci littafi da bidiyo shi ne mafi arha, kuma shi ne mafi ƙarancin amfani. Bita ta fi, sai dai ba ta daɗewa a jiki. A binciken da Miller da abokan aikinsa suka fitar a 2004 a Amurka, da ma'aikata 140, waɗanda suka tsaya a bitar kwana 2 kaɗai sun fara komawa gidan jiya bayan wata 4. Waɗanda aka ci gaba da yi wa gyara a kan hirarsu, ko ana kiransu a waya ana bitar aikin, su ne suka riƙe.

Ga yadda nake yi. A bitar, a rage lacca, a yawaita gwaji da Hausa: wani ya zama majinyaci mai cewa "Ni fa ƙwayar nan ce ke ba ni ƙarfin aiki," wani ya amsa ba tare da gardama ba. Bayan an watse, kowa ya riƙa naɗar hira ɗaya a waya duk wata, da izinin majinyaci, ba a ambaci suna ba. Mai horarwa ya saurara, ya ƙirga tambayoyi nawa aka yi, sau nawa aka mayar wa yaron maganarsa. Na biyun nake so ya rinjaya. Kada ka dogara da "Ai na iya". Kusan kowa haka yake ji bayan bita, faifan ne ke nuna gaskiya.

Akwai abin da ya kamata a gwada musamman a wajenmu. Sau da yawa uba ne ko yaya ke kawo yaron, kuma shi ke magana. A koya wa ma'aikaci yadda zai ce cikin ladabi, "Baba, a ɗan ba mu wuri mu zanta," sannan ya kira shi daga baya ya saurari nasa ɓacin ran.