Fim ɗin Kimiyya na Karo-karo a Jos: Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Sauraron 'Yan Kallo

Fim ɗin kimiyya, wato ƙagaggen labari na na'urori, sararin samaniya da makamantansu, wanda aka yi da kuɗin karo-karo, yana da 'yan kallo iri biyu, kuma yawancin rigimar da ke biyo bayan haskawa daga rashin bambance su take tasowa. Akwai waɗanda suka sa hannu a aljihu: abokin da ya turo dubu biyar, kawun da ya ba da aron janareta, Hajiyar da ta ciyar da ma'aikata lokacin ɗauka a Rayfield. Akwai kuma wanda bai san ka ba, bai san wahalar da ka sha ba. Na farko ya zo ganin abin da kuɗinsa ya zama, na biyun kallon fim ya zo yi.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a cika zaure da rukunin farko, a sha tafi, a tashi da yaƙinin cewa aiki ya yi. Tsaya bakin ƙofa bayan an kunna fitila ka ji abin da ake faɗa: "Kai, Yallaɓai darakta, kun yi ƙoƙari!" "Wallahi kamar ba a Jos aka yi shi ba." Duk da zuciya ɗaya suke faɗa, amma babu wanda ya ce labarin ya kama shi. Ba a kushe mutum a gaban idonsa ranar farin cikinsa, balle kuma mai kushewar sunansa na cikin jerin godiya. Ba mu kaɗai abin ke samu ba. Iron Sky, fim ɗin ƙasar Finlan na 2012 wanda masoya suka ba da wani kaso na kuɗinsa, ya sha yabo wurin masoyan, masu sharhi kuwa ra'ayinsu ya rabu. Kashi na biyu da ya fito a 2019, shi ma da tallafin masoya, bai karɓu ba, kuma kamfanin da ke riƙe da shi ya karye a 2020.

Maganin yana da arha. Tun edita bai rufe aiki ba, tara mutum goma ko goma sha biyar waɗanda ba su sa ko sisi ba, ba su kuma da ɗan'uwa a cikin fim ɗin: mai gyaran waya daga Terminus, ɗaliban Jami'ar Jos, matan aure biyu ko uku, wani dattijo. Ɗaliban Cibiyar Koyar da Fim ta Ƙasa, wadda ke ƙarƙashin Hukumar Fina-finai ta Nijeriya mai hedikwata a nan Jos, ɗaya ko biyu sun isa, domin su haske da kamara za su riƙa dubawa, kai kuwa idon talaka kake nema. Kada ka yi jawabin buɗewa. Zauna a can baya inda za ka ga hasken wayoyi, duk inda fuskoki uku ko huɗu suka sunkuya kan waya ka rubuta mintin. Da an gama kada ka ce "ya kuka gani?", amsar ita ce "ya yi kyau". Ce wa ɗayansu ya ba ka labarin kamar yadda zai ba ƙaninsa da bai kalla ba. Inda ya yi inda-inda, nan gyara yake.

Daga nan sai amsar nan ta "ai ba mu da kuɗi". Mai kallo a Gangare ko Anguwan Rogo ya riga ya ga jiragen sararin samaniya na Amurka da yaƙe-yaƙen Indiya da Sin a wayarsa, da fassarar Hausa ma, a wurin masu tura fim. Idonsa ya waye, kuma ba aikinsa ba ne ya tausaya wa aljihunka. Abin lura shi ne ba arhar fim ce ke ɓata masa rai ba, a'a, a yi masa alkawarin abin da ba a iya ba. Matasan nan na Kaduna da ake kira The Critics, waɗanda duniya ta san su a 2019, da waya mai fasasshen gilashi da koren ƙyalle (wanda ake ratayawa a bayan jarumi, daga baya kwamfuta ta maye gurbinsa da wani hoto) da Blender, manhajar haɗa siddabarun kwamfuta ta kyauta, suka yi suna, kuma gajerun fina-finai suka riƙa yi. A 2020 daraktan Amurka J.J. Abrams ya aiko musu da kayan aiki. Gara minti ashirin da wuraren siddabarun kwamfuta biyar masu kyau, da awa biyu da guda hamsin marasa kyau. Ga shi kuma Jos ta rage maka rabin aiki: tsofaffin kududdufan haƙar kuza na wajen Rayfield da Bukuru, duwatsun Shere, tulin duwatsun Riyom, da hazon Disamba da Janairu. Ka sa mutum ɗaya yana tafiya a bakin kududdufi da sanyin safiya, ka samu wata duniyar ba tare da ka rataya ƙyalle ba.

Talla ma haka: idan ka kwashe duk siddabarun da ya yi kyau ka zuba a minti biyun talla, wanda ya zo kallo zai yi ta jiran ƙari, bai samu ba.

Dariya kuwa sai an iya karanta ta. Darakta ya ji zaure ya ɗauki dariya, ko dai ya ce mutanen ba su waye ba, ko ya ce ai daɗi suka ji. Koma ka duba me ke kan allo a daidai wannan daƙiƙar. Galibi ɗaya ne cikin biyu: koren zobe da ya rage a gefen mayafin jaruma saboda hasken ƙyallen ya dawo mata, ko mutum-mutumin da ke tafiya ƙafarsa na zamewa a ƙasa, ba inuwa, ba ƙura. Na farko a nisanta jaruma da ƙyallen, a haska kowanne daban. Na biyu a sa inuwa, a rage haske, a gajarta fitar. Sau da yawa ma fuskar wanda ya ga abin ya firgita ta fi abin kansa tsoratarwa. Idan kuwa dariyar kake so, ka neme ta tun daga rubutu. Kung Fury, wanda David Sandberg ɗan Suwidin ya tara masa sama da dala dubu 630 a Kickstarter, shafin tara kuɗin karo-karo a intanet, ya kuma sake shi kyauta a YouTube a 2015, minti talatin ne na shirme da gangan, shi ya sa dariyar mutane ta zame masa riba.

Idan mutum ya ce "ban gane labarin ba", kada ka yi saurin zargin marubuci. Sau tari bai ji ba ne. Iskar kan duwatsun Jos tana cinye magana, janareta na gunji a baya, zauren haskawa mai tayil yana amsa-kuwwa. Saurari fim ɗin gaba ɗaya ta lasifikar ƙaramar waya, don a nan yawancin mutane za su kalle shi. Duk layin da bai fita ba a kira jarumin ya sake ɗora murya.

Yanzu ga wanda na fi son a tsaya a kai. Mai kallonmu ya taso da labarin aljanu da bokaye, a tatsuniya da fim. Da zarar mutum ya ɓace a allo ya ɓulla a wani wuri, sai ka ji wata ta raɗa wa ta kusa da ita, "Yaya, aljani ne?" Masu fim kan ji haushin wannan tambaya, alhali laifinsu ne. Abin da ke raba kimiyya da tsafi a idon mai kallo shi ne ƙa'ida: na'urar tana buƙatar caji, tana zafi, tana lalacewa, tana da iyakar da ba ta wucewa. Nuna wannan a minti goman farko, kuma a aikace, ba wani farfesa ya tsaya gaban allo yana lacca ba. A ga yarinya ta danna, batir ya mutu, ta tsaya cak tana kallon wayoyin da suka ƙone. Daga nan duk wanda ke zaune ya san inji ne, zai kuma riƙa lissafin cajin tare da ita. Akwai kuma batutuwan da ke taɓa imani: ta da matacce, ƙirƙirar rai, komawa baya a canza abin da ya riga ya faru. Jos gari ne na Musulmi da Kirista, kuma kowane ɓangare yana da inda zai ɗaure fuska. Wanda ya nuna damuwa a nan ba jahili ba ne. Kai rubutun ga malamin da kake jin maganarsa tun ba a kunna kamara ba, ka san inda ƙura za ta tashi, sannan ka yanke shawara da idonka a buɗe.

Su kuma masu karo-karo, fushinsu ba kasafai yake kan fim ɗin ba. An rubuta sunan mutum ba daidai ba, ko an manta shi. An ɗora a YouTube kafin su gani. An yi wata shida ba a ce musu uffan ba. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski: saƙo ɗaya a wata a zauren WhatsApp, ko da na cewa aiki ya tsaya ne, sannan a tura wa kowa jerin sunaye ya duba nasa kafin a rufe. Mafi muni shi ne wanda ya ba da kuɗi yana zaton hannun jari ya saya, kai kuma ka ɗauka gudummawa ce. Fayyace wannan a rubuce ranar karɓa. Idan riba za ka yi wa mutane alkawari, ka sani Hukumar SEC, mai kula da kasuwar hannun jari a Nijeriya, ta fitar da ƙa'idojin tara jari daga jama'a a 2021, sai ka nemi lauya. Haskawa ga jama'a da tikiti kuma tana buƙatar Hukumar Tace Fina-finai ta Ƙasa ta duba fim ɗin ta ba shi rukuni, don haka sa kuɗin wannan da lokacinsa a lissafi kafin ka sanar da rana.

Suka idan ta zo, kada ka mayar da martani a daren. Rubuta duk abin da aka faɗa a takarda ɗaya, ka ware abin da mutum uku da ba su san juna ba suka maimaita. Shi za ka kai wa edita.