Yadda ake fitar da jatan landen da ya biyo dutse mai rai zuwa tankin ruwan gishiri

Sabon mai kiwon kifi da ya ji "ƙas!" daga tankinsa cikin dare, washegari sai ka tarar ya kwashe duwatsun kaf ya zube a ƙasa, ya dagula yashi, ya kashe rabin halittun da saboda su ya sayi dutsen da tsada, wato dutse mai rai, dutsen teku da ke zuwa da ƙananan halittu a jikinsa. Kuma sau tari mai ƙarar ba shi da laifin komai.

Fara da gane baƙon, domin jatan lande iri biyu ne ke ƙara. Akwai mai bindiga, wanda ake kira fistol. Hannunsa ɗaya ya fi ɗayan girma nesa ba kusa ba, in ya datse shi sai wata kumfa ta fashe a ruwa, ita ce ƙarar da kake ji. Yakan yi sau ɗaya ko biyu ya yi shiru. Idonsa ba ƙarfi, haƙa rami ne sana'arsa, ni dai ƙyale shi nake yi. Ɗayan shi ne mantis, kuma shi ne matsalar. Bugunsa a jere yake, kamar ana kafa ƙusa, domin ɓawon wani abu yake fasawa. An auna gudun bugun manyansu ya kai mita 23 a daƙiƙa. Duba gindin duwatsu: in ka ga ɓawon dodon koɗi a farfashe ko da huda a gefe, ƙananan ƙaguwa kuma suna ɓacewa ɗaya bayan ɗaya, to mantis ne.

Yanzu sai inda kowa ke gajiya, wato gano dutsen da yake ciki. Kada ka taɓa komai sai ka san ramin. Jawo kujera ka zauna shiru da sassafe da kuma daf da kashe fitila, domin da yawansu da rana suke farauta, da dare su toshe bakin rami da tsakuwa ko ɓarɓashin ɓawo. Ramin da ka gani a buɗe da rana, a toshe da dare, ka sa masa ido. Soka 'yar tsokar kifi a tsinke ka kai bakin ramin. Za ka ga idanu biyu a kan 'yan sanduna sun leƙo, kowanne na juyawa nasa gefen, suna bin motsinka. Don dubawar dare, yi amfani da tocila mai jan haske. Ko mako zai ɗauke ka, ka daure.

Ka gano? Sa safar hannu mai kauri, domin mantis yana tsaga yatsa. Nutsa roba cikin tankin ka ɗora dutsen a ciki tun yana ƙarƙashin ruwa, in ba haka ba kana ɗaga dutsen mantis ɗin zai sulale ya koma wani dutsen, ka dawo farko. Kai shi bokiti, ka ɗura ruwan soda a ramin da sirinji. Yawanci da gudu yake fitowa. In ya ƙi, tsoma dutsen kamar minti ɗaya a ruwan da gishirinsa ya kai 1.035 zuwa 1.040 a ma'aunin gishirin ruwa, maimakon 1.025 na tanki. Ruwan da ba gishiri ban yarda da shi ba, yana kashe halittu masu amfanin ma.

Dutsen da ba ya ciruwa sai tarko. Yanke kan gorar roba, juya shi ciki, sa tsoka, kwantar da ita kusa da ramin. Kusan kyauta ne, amma mantis na da wayo, in ya tsira sau ɗaya da wuya ya sake shiga.

Wanda ka kama, ba shi ƙaramin tanki shi kaɗai ko ka ba mai so, kada ka sake shi a teku. Sabon dutse kuma ya yi 'yan makonni a roba daban kafin ya shiga tankin.