Yadda na daina sayar da kayan da suka ƙare

Sau uku a mako ɗaya mai saye ya biya a shagona na intanet, na tura oda wurin dilana na ƙasar Sin, ya ce kayan sun ƙare. Kunya ta ishe ni, ga mayar da kuɗi.

Ashe adadin da ke shafina na ranar da na fara saka kayan ne. Sai na haɗa shagon da manhajar da ke duba ma'ajiyar dilan kullum, na saita ta ɓoye duk abin da bai kai guda 10 ba. Kayan da suka fi tafiya na nemo musu dila na biyu, amma sai da na sayi samfuri na taɓa da hannuna tukuna. Yau wata biyu ban ba kowa haƙuri ba.